Yadda za ka auna shirin horar da matasa shugabanci kafin ka ba shi lokacinka

Da wuya mako ya wuce a Damagaram ba a turo wata sanarwa a WhatsApp ba: ana neman matasa masu kishin Afirka, za a koya musu shugabanci, za a kai su Dakar ko Kigali ko Amurka, a cike takarda kafin ranar kaza. Cikin waɗannan sanarwoyi akwai na gaske masu amfani, akwai na gaske da ba sa tsinana wa kowa komai sai hoto da takardar shaida, akwai kuma na ɓarayi. A Nijar, ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wanda zai riƙe unguwa da kwamin da ma'aikata nan da shekara ashirin, yau yana zaune a fada, majalisar samarin unguwa, yana jiran a sauke shayi. Saboda haka wa ke horar da shi, me kuma ake koya masa, abu ne da ya shafe mu duka.

Wannan bayani na matashin da ke son cike takarda ne, da shugaban ƙungiyar da aka ce ya ba da sunan mutum biyu, da malamin Jami'ar André Salifou da ɗalibi ya zo yana neman ya tsaya masa. Ma'auni ɗaya zan bi: me mutum ya yi a inda yake bayan ya dawo, wanda da bai je ba da bai yi shi ba.

Fara da rubuta buƙatarka

Kafin ka karanta sharuɗɗansu, ɗauki takarda ka rubuta matsala ɗaya da kake son taɓawa, wadda kake gani da idonka. Misali layin bido a bakin famfo da bazara a Garin Malam, ko ƴan matan da ke barin lakwal kafin su kai BEPC, ko kwatar da ke cushewa duk damina a Sabon Gari, ko samarin Kara-Kara da ke son sana'a ba su da mai nuna musu ƙofa. A ƙasan wannan rubuta abin da ka kasa yi a kai. Wani bai iya jagorantar taro ba, ana zama ana watsewa ba a tsai da magana ba. Wani bai iya tsara kasafin kuɗi ba. Wani in ya shiga gaban magajin gari bakinsa mutuwa yake yi. Wata tana da gaskiya amma ba ta san yadda za ta sasanta ɓangare biyu na ƙungiyarta ba.

Dalilin wannan shi ne shirye-shiryen ba abu ɗaya suke yi ba, ko da duka suna kiran kansu na shugabanci. Gidauniyar Tony Elumelu, tun daga 2015, ƴan kasuwa take nema: horo ta intanet, sannan jarin dalar Amurka 5,000, kusan miliyan 3 na sefa, ga wanda ya tsallake. Mandela Washington Fellowship, wanda ya fara a 2014 ƙarƙashin YALI, shirin Barack Obama na horar da matasan shugabannin Afirka, a yadda aka yi shi har 2025 mako shida ne a wata jami'ar Amurka ga masu shekara 25 zuwa 35, a fannin kasuwanci ko hidimar jama'a ko tafiyar da aikin hukuma. Shirin ƴan sa-kai na Tarayyar Afirka, wanda aka ƙaddamar a 2010, aikin wata 12 ne a wata ƙasar Afirka. African Leadership Academy da ke Afirka ta Kudu kuwa makaranta ce ta shekara biyu ga waɗanda ba su kai ashirin ba. Mai neman jari ya shiga shirin ƴan sa-kai, ya ɓata shekara guda, ko da shirin yana da kyau.

Sannan ka tabbatar da mai shirin

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Kada ka latsa adireshin da aka turo maka. Rubuta sunan shirin da hannunka ka nemo shafinsa na ainihi, ka duba ko sanarwar tana can, ka kuma duba shekararta. Manyan shirye-shiryen da na ambata na Elumelu da Mandela da Tarayyar Afirka ba sa karɓar ko dala don cike takarda. Duk wanda ya ce ka aika jaka biyar ko jaka goma zuwa lambar wani mutum don a buɗe maka dosiye, ko ya ce an zaɓe ka alhali ba ka nema ba, rufe maganar nan take, ka kuma faɗa wa wanda ya turo maka.

Duba kuma ko sunan Nijar yana cikin ƙasashen bana. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a Agustan 2023, Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, kuma a 2025 ɗin aka rushe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, wadda take cikin masu ɗaukar nauyin cibiyoyin YALI na Dakar da Akra da Nairobi da Firitoriya. Sanarwar shekara uku da ta wuce tana iya ci gaba da yawo a waya alhali ƙofar ta canza. Idan shirin na cikin gida ne, tambayi lambar takardar izinin ƙungiyar daga ma'aikatar cikin gida, ka je biro ɗinsu da ƙafarka, ka kuma leƙa ofishin kula da matasa na jiha ka ji ko sun san su.

Dubi waɗanda suke ɗauka

A nan ake yawan ruɗa mutane. Shiri zai nuna maka fitattun waɗanda suka bi ta hannunsa: wannan ta kafa kamfani, wancan ya zama darakta. Tambayar ita ce, da can su wane ne? Wanda ya je kasuwar Mirya ya zaɓo ragunan da suka fi kowanne ƙiba, ya ba su dusa ta mako shida, bai kamata ya ce shi ya yi kiwonsu ba. Shirin da ke ɗaukar mutum ɗaya cikin ɗari ko fiye, daga masu digiri, masu Turanci, masu ƙungiya tun da can, dole ɗalibansa su haskaka ko da bai koya musu komai ba. Wannan bai sa shirin ya zama banza ba, amma nasarar tsofaffin ɗalibai ita kaɗai ba hujja ba ce.

Don haka nemi jerin sunayen waɗanda aka ɗauka daga Nijar a shekara biyu ko uku da suka wuce. Yawanci ana wallafa shi. Ƙirga: nawa ne ƴan Yamai, nawa ne daga sauran jihohi? Nawa ne mata? Akwai ko mutum ɗaya daga Magarya ko Tanut ko Gure? Akwai wanda ba shi da takardar jami'a? Amsar za ta gaya maka abu biyu, wato ko kana da rabo a ciki, da kuma irin shugaban da masu shirin ke hange. Duba harshe ma. Mandela Washington Fellowship yana buƙatar Turancin Ingilishi na gaske, a baki da rubutu, kuma hirar tantancewa ba ta ɓoye komai. Idan Faransanci kaɗai gare ka, gara ka nemi shirin da ake yi da Faransanci, ka ba Ingilishi shekara guda kana koyo. Ina jin zafin yadda mai jagorantar fada ta mutum arba'in, wanda ya hana faɗa fiye da sau ɗaya a unguwarsu, ba ya ma iya cike shafin farko na yawancin takardun nan. Shirin cikin gida da ke karɓar nema da Hausa, ko da baki, ya cancanci a ɗaga masa maki tun daga nan.

Nemi jadawalin horon

Roƙi jadawalin bara, na kwana-kwana. Shiri mai gaskiya ba ya jin nauyin bayarwa. Ɗauki biro ka raba awannin gida biyu: waɗanda za ka zauna kana sauraren mai jawabi, da waɗanda za ka yi wani abu da kanka a gyara maka, kamar jagorantar taro, rubuta kasafi, kare shawara a gaban masu sukarta, ko sauraren mutum biyu masu rigima. Idan gida na biyu bai kai rabi ba, taron jawabai ne. Za ka fito da kuzari, kuzarin kuma ba ya kai wata guda.

Duba masu koyarwa: sun taɓa riƙe wani abu, ko horarwa kawai suka sani? Sannan tambayi kanka ko abin da za a koya zai zauna a garin nan. Wanda zai yi aikin jama'a a Damagaram sai ya san yadda ake shiga wurin mai unguwa, da lokacin da magana ke buƙatar a kai ta fadar Sarkin Damagaram, da yadda ake neman goyon bayan malamai, da wane ne ke da ikon sa hannu a kwamin biyar ɗin birnin. Mu ma ba yau muka fara tsara matasa ba. Samariya, wadda gwamnatin Seyni Kunce ta raya bayan 1974, tana da sarkin samari da muƙamai, kuma da gayya ta gina azuzuwa a garuruwa da dama. Horon da ke magana kamar babu wani tsari a ƙasa sai wanda ya zo da shi, ɗalibinsa zai dawo yana wa dattawa jawabi, su kuma su saurare shi cikin ladabi su tashi.

Je wurin waɗanda suka riga ka

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kada ka yi masa gaggawa. Nemi aƙalla mutum uku da suka gama shirin shekara guda ko fiye da ta wuce. Kada ka tsaya ga waɗanda masu shirin suka ba ka, don kowa gwaninsa yake nunawa. Bi ta majalisar matasa ta jiha, ko ƙungiyar ɗalibai, ko abokin aboki. Ka je da ladabi, ba kamar mai bincike ba: "Yaya, don Allah ina son in nemi shirin nan da kuka yi, na ce bari in zo in ji daga bakinku."

Akwai tsarin da masu auna horo ke bi, wanda wani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya fitar a 1959. Hawa huɗu ne, kuma kowa zai iya amfani da shi. Hawa na farko: ya ji daɗin horon? Na biyu: me ya koya? Na uku: me ya canza a yadda yake aiki? Na huɗu: me ya canza ga mutanen da yake yi wa aiki? Yawancin rahotannin da ƙungiyoyi ke rubutawa a hawa na farko suke tsayawa, wato takardar da ake rabawa ranar rufewa, bayan an ci an sha an karɓi perdiyam, kuɗin da ake ba mahalarta kowace rana, kowa ya rubuta ya gamsu. Kai hawa na uku da na huɗu kake nema.

Saboda haka kada ka tambaye shi ko shirin yana da kyau, zai ce maka yana da kyau ƙwarai. Ce masa: "Wane abu ɗaya kuke yi yanzu wanda ba ku yi kafin ku tafi?" Idan ya ce tunaninsa ya buɗe, sake tambaya a hankali: a wane aiki, yaushe, da su wa? Amsa mai nauyi tana zuwa da suna da wuri da lokaci, kamar ya ce tun da ya dawo ƙungiyarsu ke rubuta abin da aka tsayar a kowane zama, ko ya ce sun zauna da shugaban kwamin sau biyu har aka yashe kwata. Tambaye shi aikin da ya rubuta a takardar nemansa, ko ya yi shi. Tambaye shi yaushe rabon da wani daga shirin ya kira shi ba don neman hoto ko rahoto ba. Tambaye shi cikin waɗanda suka tafi tare nawa ne suke inda suka fito har yanzu. Komawa Yamai ko fita waje ba laifi ba ne, kowa yana neman abincinsa, amma idan shiri ya ce don raya jihohi yake yi, ɗalibansa kuma duk sun bar jihohin, sai a rubuta masa wannan.

Daga nan ka nemi izini ka je ka ga aikin, gani ya kori ji. Ka yi hira da na ƙasa da shi: ma'ajin ƙungiya, ko wata daga cikin matan da aka ce an koya wa sana'a. Tambayoyi uku nake ba muhimmanci fiye da sauran. Ana karanta lissafin kuɗi a gaban kowa? Ya koya wa wani abin da ya koyo, har wancan yana iya yi ba shi? Da wa'adinsa ya cika, ya sauka an yi zaɓe? Matashin da ya dawo daga horon shugabanci ya mai da ƙungiya tasa shi kaɗai, hatimi a aljihunsa, asusu a wayarsa, an koya masa magana ne kawai, kuma irin shugabancin da ya gajiyar da ƙasashenmu ke nan.

In da hali, nemi mutum biyu kuma: wanda ya fara ya bari, da wanda ya kai zagayen ƙarshe ba a ɗauke shi ba. Na farko zai gaya maka abin da ba a rubutawa. Na biyun shi ne madubinka na gaskiya, don kusan ƙarfinsu ɗaya da wanda aka ɗauka. Idan bayan shekara biyu aikinsu bai bambanta ba, to shirin zaɓe ya iya, ba horo ba.

Lissafa abin da zai ci maka

Ko an ce kyauta ne, akwai kuɗin da ke fita daga aljihunka. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a cikin kar, ga masauki idan hira ko biza ta kama. Ga fasfo, ga takardar shaidar ɗan ƙasa, ga kaziye daga kotu, ga kuɗin intanet na makonni idan horon ta waya ne, ga wahalar caji in wuta ta ɗauke. Tambaya a rubuce: me suke biya, me ba sa biya, kuma kafin tafiya suke bayarwa ko sai an dawo? Sa lokaci ma a lissafi. Mako shida a tsakiyar damina, ko dab da jarrabawa, ko rufe shago a kasuwar Dole ana jibi salla, duk kuɗi ne.

Ƴar'uwa, ke kina da ƙarin tambayoyi, kuma haƙƙinki ne ki yi su: ina za a sauke mata, wa ke kula da masaukin, wa ake kai wa ƙara idan wani ya yi abin da bai dace ba, ana karɓar mai goyo? Nemi takardar gayyata mai hatimi da lambar wani babba a shirin wanda Baba ko maigida zai iya kira. Sau da yawa wannan kiran ɗaya ne ke sa a bar mace ta tafi. Shirin da ke cewa yana son mata amma bai tanadi amsar waɗannan ba, bai shirya karɓarsu ba.

Game da perdiyam, ba na zargin wanda ya karɓa, talauci gaskiya ne. Amma tambayi kanka ko za ka je in babu shi. Idan amsar a'a ce, ka san abin da ya kai ka.

Me ke biyo bayan ranar rufewa

Tambayi masu shirin abin da suka tanada na wata na farko da na shida bayan an watse. Akwai wanda zai riƙa bibiyarka, sau nawa, kuma ya san yanayin Nijar? Akwai ɗan tallafin fara aiki, da wane sharaɗi, kyauta ne ko bashi? Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana zama a Damagaram, ko komai sai Yamai? Ka kuma roƙi rahoton da wani na waje ya rubuta a kansu. Idan akwai, buɗe wurin da aka faɗi mutum nawa aka tambaya cikin nawa. Rahoton da ya ji daga mutum 30 cikin 300 ya ji ne daga waɗanda suka fi jin daɗi, sauran ba su ɗaga waya ba.

Yanzu koma kan takardarka ta farko. Idan an nemi kuɗin cike takarda ta hanyar da ba ta hukuma ba, ko an hana ka jadawali, ko ka kasa samun tsohon ɗalibi ko ɗaya da zai nuna maka aiki a ƙasa, bar shi. Idan ya tsallake waɗannan, kuma yana koyar da abin nan da ka rubuta ka kasa, nema, ko da sunansa bai yi ƙara ba. Horon kwana goma a Matamaye da ke bibiyarka shekara guda yana iya fin tafiyar jirgi amfani.

In an ɗauke ka, ko kuma ku ne masu shirya horon

Awon bai ƙare ba. Kafin ka tafi, rubuta halin da ake ciki da lambobi masu sauƙi: mutum nawa ke zuwa taronku, nawa ke biyan kuɗin ƙungiya, mata nawa ke magana a zama, sau nawa kuka gana da hukuma bara. Ba wani dattijo ko malaminka kwafi ya ajiye, da alƙawarin abu ɗaya ko biyu da za ka yi in ka dawo. Bayan wata shida ku buɗe tare, bayan shekara ku sake. Idan ƙungiya ce ta tura ka, a sa ranar da za ka koyar da sauran tun kafin ka hau mota.

Ku kuma masu shirya horo a nan gida, kome ƙanƙantarsa, ku ajiye rajista mai lambar waya biyu ga kowane mai nema, tasa da ta wani ɗan'uwansa, don matasa suna yawan canza layi. Ku ajiye har na waɗanda ba ku ɗauka ba, bayan kun nemi yardarsu. Ku ware kuɗin bibiya a cikin kasafi tun farko, ko da kuɗin kira ne da na kabu-kabu, don in an bar shi sai ƙarshe ba a samunsa. Wanda zai yi kiran bayan shekara kada ya zama wanda ya koyar, saboda kunya ba za ta bar ɗalibi ya gaya wa malaminsa gaskiya ba. Ku ba wani ɗalibin jami'a da ba ruwansa da shirin tambayoyi biyar iri ɗaya, ya yi wa waɗanda aka horar da waɗanda ba a ɗauka ba, ya rubuta amsar kowa yadda ya faɗe ta.